Ba Ngumimi Ce Ta Kashe Ki Ba, Rahmat

Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 2006, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malama Rahmat Abdulbaƙi a gidansu da ke Azuba, nan Lafia. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Daga Allah muka zo, kuma wurinsa dukkanmu muka nufa. A kan wannan ba ni da ja. Rigimata da masu rai ce, Rahmat, kuma ke shaida ce ban iya haɗiye magana ba, balle yanzu da ake so a yi amfani da mutuwarki a zalunci wadda ta yi jinyarki.

Ni ce Huseina, malamar Hausa, wadda kika raba tebur da ita a ɗakin malamai tun shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Ke kina koyar da ilimin halittu. Ranar da aka nuna mini kujerata na ce a canza mini, domin tagar da ke bayanki cike take da kofuna, kowanne da albasa zaune a bakinsa, saiwarta na lilo cikin ruwa. Na ce ni karantarwa na zo yi, ba haɗa miya ba. Kika yi dariya, kika ja hannuna zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Madubin likita ɗaya tal makarantar take da shi, kuma makullin akwatinsa a bakin zaninki yake kwana. Kika sa reza kika yanko ɗan bakin saiwar, kika ɗiga masa wani jan ruwa mai warin tsami, kika danne shi tsakanin gilasai biyu, kika ce in leƙa. Na ga 'yan ɗakuna jere kamar bulo, a cikin wasunsu akwai jajayen zarurruka, wasu a cure, wasu sun rabu biyu suna ja da baya. Kika ce ƙwayoyin halitta ne nake gani suna rabuwa, kuma da irin wannan rabuwar jariri yake girma, da ita miki yake warkewa.

Abin da kika fi so ki koyar shi ne cewa ƙwayar halitta ba ta rabuwa da ka. Na ji darasin nan ta taga har na haddace shi ba da niyya ba. Kafin ƙwaya ta fara kwafar bayanan gadon da ke cikinta, sai an tsayar da ita an duba: ta kai girman da ya kamata, akwai abinci, bayanan ba su lalace ba? In ta gama kwafa, a sake tsayar da ita a ga ko kwafin ya cika kuma babu kuskure. Sannan daf da tsagewa biyu a duba ko kowane zare ya kama igiyar da za ta ja shi zuwa ɓangarensa, don kada wata ta tafi da ƙari wata da ragi. Masu wannan aiki wasu sinadaran furotin ne. Akwai masu tura ƙwaya gaba, irin su saikilin da abokan aikinsa, akwai masu taka mata birki. A cikin masu birkin akwai wanda kike ji da shi kamar ɗan cikinki, p53, wanda in ya ga ɓarna yake tsayar da komai har a gyara, in ta ƙi gyaruwa ya sa ƙwayar ta kashe kanta don sauran jiki ya tsira.

Ba a allo kaɗai kike barin darasin ba. Sai ki kwashi 'yan aji ki fito da su fili cikin rana, ki tsayar da wasu a matsayin masu gadi, sauran su zo wucewa ana tare su ana tambaya. Kina tsaye kina cewa waɗannan masu gadi ba irin masu shingen kan titi ba ne, ba a miƙa musu na goro su ɗaga sanda. Hayaniyarku ta sha hana ni karanta wa ɗalibaina insha'i, na sha leƙowa in yi miki tsiya, ke kuma ki ce in zo in zama ƙwaya mai taurin kai tunda halina ne.

A 'yan shekarun nan, albasar daga hannun Ngumimi take fitowa. Ngumimi 'yar Tibi ce, Kirista, mai sayar da kayan miya a kasuwa. Lokacin rikicin 2001 ta gudo daga gonarsu ta wajen Obi da 'ya'ya biyu, mijinta bai biyo su ba, har yau kuma bai biyo su ba. A lokacin da kowa ke rufe ƙofa, ke kika buɗe mata ɗakin da ke kusa da zauren gidanku, inda kika dawo da zama bayan rasuwar maigidanki. Kawu Ɗanladi, ƙanin mahaifinki kuma babban gidan, ya yi ta gunaguni. Kika durƙusa kika gaishe shi yadda ya kamata, kika ce, “Kawu, in za a kore ta, a haɗa da kayana.” Aka bar ta. Kika ci sakwararta a tsakar gida kowa na gani, kika sa 'ya'yanta a makaranta.

Shekara biyu da suka wuce kika ji kullutu a nononki. Ba ki ɓoye ba, ba ki kuma yarda aka yi miki tsaga ko turare ba, ko da yake an kawo masu magani har ɗaki. Kika tafi asibiti a Jos, aka ce sankara ce, aka yi aiki, aka yi ta ƙarin ruwan maganin da ya zubar miki da gashi. Ta lafa, ta dawo, ta shiga ƙashi. Ranar da kika dawo da wannan labari ni ce na yi kuka, ke ce kika rarrashe ni. Kika ce, “Huseina, darasina ne ya biyo ni gida. A cikin wata ƙwaya tawa masu gadi sun lalace, ta wuce ba a tare ta ba, ta haifi irinta. Ba wanda ya zuba mini a abinci. In kin ji an ce haka bayan raina, ki ƙaryata.” Na ce ki daina irin wannan magana. Ashe kin fi ni sanin mutanenki.

Da kika kwanta, 'yan'uwa sun zo dubiya, Allah ya saka musu. Amma wadda ta ɗaga ki, ta wanke ki, ta kwashe abin da ba a faɗa, Ngumimi ce. Ke kuma ko a kwance hankalinki na kan 'yan ajin ƙarshe da jarrabawarsu ke matsowa, an bar su da ɗan bautar ƙasa wanda bai taɓa haɗa gilashin gwaji ba. Kika sa aka dawo da kofunan tagar ɗakinki. Hannunki ya daina riƙe reza, sai kika koya wa Ngumimi. Da safe ta canza ruwa, ta yanki bakin saiwa, ta jefa a 'yar kwalba, ni kuma in biyo in ɗauka in kai makaranta. Da hannuna na ɗauka, sau ba adadi.

Washegarin rasuwarki mata suka shiga gyara ɗaki. Suka tarar da kofuna jere da albasa mai tsiro, ga reza, ga 'yan kwalabe da jan ruwa. Wata da ta taɓa zuwa dubiya daga ƙauye ta ce ai da idonta ta ga Ngumimi tana yanka abin nan a kan marar lafiya tana ɗiga jini. Kafin azahar magana ta zagaye Azuba, an ce sammu ne, an ce gidan take so ta gaje. A kasuwa an daina tsayawa gaban tirenta. An jefi ɗanta da dutse a hanyar makaranta. Kawu Ɗanladi ya yanke cewa da an shafa addu'ar bakwai ta kwashe kayanta ta bar gidan. Ina za ta? Duk wanda ya zauna a garin nan shekara biyar da suka wuce ya san inda irin wannan magana take kai mutum, kuma ya san ba a kora kaɗai take tsayawa ba.

Na same ta a ɗaki ta ƙulle kaya a buhu, ko fitowa gaisuwa an hana ta. Ta ce mini, “Malama, ni ban sani magani ba. Shi Malama Rahmat ne ya ce in yanka kaɗan-kaɗan, yara zai yi jarabawa. Yanzu sun ce ni na kashe shi. Ni da nake goya shi zuwa bayi?”

Jiya Asabar na karɓo madubin nan daga makaranta, na ɗora shi a kan turmi a tsakar gidanku, gaban masu zaman makoki. Na ɗauko kwalba ɗaya daga cikin waɗanda ake tsoron taɓawa, na haɗa gilashi yadda na ga kina yi, na ɓata biyu kafin na uku ya yi. Na faɗa musu abin da kika faɗa mini, cewa ciwonki daga cikin jikinki ya taso, lokacin da abin da Allah ya sa ya riƙa tsayar da ƙwaya ya daina aiki, kuma wannan ma cikin ikonsa ne. Na ce masu gadin ba sa ganuwa a wannan madubi, amma ƙwayoyin da suke tsarewa ga su nan, duk mai shakka ya zo ya leƙa. Kawu ya kawar da kai ya ce, “Malama Huseina, mun san ku da boko. Wannan maganar gida ce.” Na ce, “Kawu, ka yi mini afuwa, amma ƙazafi ba maganar gida ba ce.” An ce na yi rashin kunya a gidan mutuwa. Na ji, kuma ban janye ba.

Ba wanda ya tashi sai Inna, mahaifiyarki, wadda tun ranar Talata ba a ji muryarta ba. Ta dogara sanda ta zo, ta sa idonta mai yana, ta daɗe a sunkuye. Ta ɗago ta ce, “Ni ban ga komai ba, 'yar nan. Abin da na gani shi ne wadda ta wanke mini 'ya lokacin da ƙarfina ya kasa.” Ta koma ta zauna. Amma Kawu bai ce ya fasa korar ba.

To, ga matsayina, na rubuta shi don kada a ce ba a ji ba. Ranar addu'ar bakwai zan zo da sassafe in zauna a ƙofar ɗakin Ngumimi. Duk wanda zai fitar da buhunta sai ya fara ɗaga ni. Ɗalibanki na da, waɗanda yanzu wasu nas-nas ne wasu malamai, sun ce za su zo, kuma na ce su zo da ladabi, su gaishe da manya, su zauna. Ba faɗa muka zo yi ba, amma ba za mu tashi ba. Masu yaɗa maganar nan kuma ku ji tsoron Allah. Kuna salla, kun san hukuncin wanda ya ɗora wa bawan Allah kisan da bai yi ba. Kuma duk macen da ta ji kullutu a jikinta bayan wannan, kun koya mata ta tafi neman wanda ya yi mata asiri maimakon ta tafi asibiti da wuri. Wannan alhakin ma yana wuyanku.

Ya Allah, ga baiwarka Rahmat ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinta, ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isar mata da lada. Ka sada ta da rahamar da aka raɗa mata suna da ita. Mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah ya ba ki haƙuri da ladan haƙuri. Ga Hannatu, 'yar Rahmat tilo, Allah ya raya ki, ya zama gatanki. Ga Kawu Ɗanladi da dukkan dangi, Allah ya ba ku dangana, ya nuna muku gaskiya tun kafin ranar bakwai. Ga malamai da ɗalibai, Allah ya mayar mana da alheri.

Saura mutum ɗaya. Tun ranar Talata jama'a ke shiga gidan nan suna fita, suna wucewa ta ƙofarta, ba wanda ya tsaya ya gaishe ta da rashi. Ngumimi, 'yar'uwarki ce ta rasu. Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana. Ki kwance buhun nan.