Tiren da Yaya Ta Shirya a Walimar Makarfi

Yayata ta dawo gida Janfalan, ƙauyenmu na ƙasar Ikara, daga Kaduna da sana'a a hannunta, da kuma fararen tabo a kan hannun. Sana'ar ta koye ta ne a kicin ɗin wani otel inda ta yi aiki bayan rasuwar mijinta, wato jera ɗanyen kayan lambu a tire tare da abin dangwale. Tabon kuwa haka kawai ya fito, daga kan yatsu, kamar ta tsoma su a kullun koko, ya yi ta hawa har wuyan hannu. Likita a Zariya ya ce launin fata ne ya gushe a wurin, ba ya ciwo, ba ya kuma kama kowa. Mu a gida kwano ɗaya muke ci da ita.

Matan ma'aikata na Ikara sun fara kiranta a waya idan za su yi suna ko saukar karatu. Ta shirya a gida, ta rufe da leda, ta ba ɗan acaba ya kai. Idan ta fita kuma dogon hijabi take sawa, saboda haka kaɗan ne suka taɓa ganin hannunta.

Da aka yi wa maigidana ƙarin girma a sakatariyar ƙaramar hukuma ta Makarfi, ya ce za a yi walima. Ni na roƙe ta ta zo ta yi mini tire a gidana.

“Auta, ki bari na yi a nan na aiko miki,” in ji ta.

Na ce latas zai yi yaushi a hanya, kuma ina so ta ci shinkafar walima da zafinta. Ta yi dariya ta ce to.

Da sassafe ta iso da buhun kaya da wani manomin fadama na Kudan ya kawo mata: karas da ƙasarsa, kokwamba, kabeji, latas, koren tattasai da ja, ƙananan tumatir, da yalo fari tas. Muka zauna a inuwar bayan kicin. Ta wanke komai a ruwan gishiri, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, ta zuba karas cikin ruwan ƙanƙara don ya yi garas-garas. Ni aka ba ni ɓare tafarnuwa, don ta ce yankana kamar na itacen girki ne. Ita kuwa wuƙa ba ta ƙara a hannunta. Karas ya fito siri-siri, tsayi ɗaya, kokwamba ta karce bayanta da cokali mai yatsu kafin ta yanka, kowane yanki ya fito da ado a gefe. Ta shimfiɗa latas a babban tirena na aure, ta jera ja kusa da kore, fari kusa da ruwan goro.

Abin dangwalen iri biyu ta yi. Ɗaya kindirmo ne da ta tace a ƙyalle har ya yi kauri, ta sa tafarnuwa da na'a-na'a da ruwan lemun tsami. Ɗayan ƙuli-ƙuli ne da ta daka da gasasshen tattasai da ɗan man gyaɗa. Ta fafe cikin kabeji biyu ta zuba su a ciki maimakon kwano. Ta ɗauki karas ta dangwala ta sa mini a baki, ta ce, “Gishiri ya ji?” Na kasa amsawa sai da na haɗiye.

Bayan azahar falo ya cika da matan abokan aikin maigidana da danginsa. A kujera mafi girma yayarsa ce zaune, wadda kowa ke kira Hajiya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba a musu da ita a gidan.

Da na shigo da tiren sai wayoyi suka tashi, kowa na ɗaukar hoto. Wata ta ce wannan ai abincin zomo ne, aka yi dariya, amma ita ta fara kai hannu. Kafin a taɓa shinkafa an cinye gefe guda. Hajiya da kanta ta ja kabejin ƙuli-ƙuli gabanta tana dangwala yalo.

Matar shugaban ofishin su maigidana ta ce, “Daga Kaduna kuka yi odar wannan?”

Na ce, “Yayata ce ta yi, tana nan bayan kicin.”

“Kira mana ita, ina da biki a gaba.”

Na je na jawo ta. Ba ta sa hijabi ba, mayafi kawai ta yafa, don tana cikin wanke-wanke. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannu za ta gyara kabejin da ya karkace a tiren.

Matar shugaban ofis ta daina tauna. Ta kalli hannun, ta kalli kokwambar da ta gatsa, ta tofar da abin da ke bakinta a gefen mayafinta. Wata da ke kusa da ƙofa ta fizge karas daga hannun ɗanta ta jefar, yaron ya fasa kuka.

Hajiya ta ce, “Da wannan hannun kika yanka?”

Yaya ta ce, “Da shi ne, Hajiya. Ba ciwo ba ne, likita ya duba.”

“Ɗanye fa? Abin da bai ga wuta ba?” Ta juyo kaina. “Ke, kuturta kika kawo mana cikin tire?”

Na ce ba kuturta ba ce, ni da 'ya'yana kullum muna cin abin hannunta, ga mu nan lafiya. Hajiya ta ce in rufe mata baki a gaban baƙi. Ta tashi ta ɗauki tiren da bakin zaninta don kada ta taɓa ƙarfen, ta fita tsakar gida, mata suka biyo ta. Wata ƙanwarsu ta ce a zuba wa awaki.

“Awakin wa? Waɗanda za mu yanka da sallah?” in ji Hajiya.

A kwata ta juye shi. Kindirmon ya bi ruwan wanke-wanke, ta sa aka kawo toka aka barbaɗe a kai don kada kaji su tsattsaga. Daga nan ta sa aka fito da buta da sabulu, manyan mata da gwala-gwalai suka yi layi suna kurkure baki a jikin katangata. Ɗaya ta sa yatsa a maƙogwaro.

Yaya tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wuƙarta ta goge, ta naɗe a ƙyalle, ta sa hijabinta. Na riƙo ta na ce ta tsaya ta ci abinci.

“A wane kwano, Auta?” ta ce.

Na raka ta tasha. Muka zauna a benci muna jiran motar Ikara ta cika. Da za ta shiga ta ce in koma wajen baƙina.

Na kai wa maigidana ƙara da yamma. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya san ba kuturta ba ce, amma da ban kira ta falo ba da duk haka ba ta faru ba, kuma yanzu shi ne zai shiga ofis ya haɗa ido da shugabansa.

Ashe wata ta ɗauki hoton hannun Yaya lokacin da take gyara kabejin. Aka yi ta tura shi a wayoyin mata daga Makarfi har Ikara, da gargaɗin a kula da abin da ake ci a wajen biki. Waɗanda suka daɗe suna kiranta suka daina. Wata ta bugo don kawai ta zage ta, wai ta ci amanarsu. Yaya ta sayi safar hannu ta roba, sai aka ce ga shi nan, ita ma ta san da abin da take ɓoyewa. Ta koma saƙa hula a ɗaki.

Bayan damina ta wuce aka sa ranar bikin 'yar Hajiya. Ta aiko a kira ni. Na same ta tana duba atamfofi, ba ta ko ɗago ba.

“Dangin ango 'yan Kaduna ne, sun saba da irin wannan tiren,” ta ce. “Ki gaya wa yayarki ta yi mana manya guda biyu, da abin ƙuli-ƙulin nan. Amma ta yi a can gidansu, kada ta zo. Idan an tambaya, ke kika yi.”

Na ce, “Hajiya, ba ke kika ce kuturta ba ce?”

“Na tambayi wata nas, ta ce ba ya kama mutum. Amma ido ba ya son gani.”

Na ce ba zan kai wannan saƙo ba. Ta ce ba komai, ta sa maigidana ya kira Yaya da kansa, ya yi ta ba ta haƙuri yana cewa a rufa masa asiri.

Na je Janfalan ranar jajibirin bikin don in hana Yaya. Na tarar ta riga ta jiƙa karas a ruwan ƙanƙara.

“In na ƙi, ke za ki sha zaman gidan,” ta ce. “Miƙo mini wuƙar.”

Washegari ni na ɗauko tirayen a mota, ɗaya a cinyata, ɗaya a kujerar baya. Dangin ango suka cinye tas, har suna siɗe kabeji. Uwar ango ta kama hannuna biyu tana juya su, tana cewa Allah ya yi wa hannun nan albarka. Hajiya tana gefenta, ta ce amin, ta ƙara da cewa ai duk danginsu babu mai tsabta kamar ni.