Fentin Giginyar Fadama da Hukuncin Ƙanena

Ƙanena yana aiki a ƙasar Turawa, a ofishin da ake kai sabuwar ƙirƙira a yi mata rajista. Ni direba ne. Bas nake ja tsakanin Gummi da Bukkuyum, in hanya ta yi lafiya in zarce har Anka. Ciki ɗaya muka fito, kuma ni ne babba.

Ina aji biyu na sakandare Baba ya ce shinkafar fadama ba za ta nome kanta ba, ya cire ni. A ajinmu ba wanda yake ja da ni a lissafi, amma yau ba mai tuna wannan sai ni. Lokacin da ƙanena ya kai aji biyu, ina nan ina noman da aka cire ni dominsa, saboda haka ba a ga dalilin cire shi ba. Ya wuce Sakkwato, ya wuce Zariya, daga nan sai jirgi.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin nasa ta waya. Ya ce kamfanoni suna ƙera mota mai tuƙa kanta, kuma babbar wahalarsu ita ce yadda motar za ta san daidai inda take. Tauraron ɗan'adam yana gaya mata, amma yakan yi kuskure, wani lokaci ma ya ɓace mata in ta shiga tsakanin dogayen gine-gine. Sai a zuba mata taswira a ciki, a sa mata kamara. Ta kalli turakun lantarki da bango da allunan hanya, ta gwada da abin da ke cikin taswirar, ta ce to, ga ni nan. Kowane kamfani sai ya zo ya ce dabararsa ta yin haka sabuwa ce. Shi kuma ƙanena aikinsa ya zauna ya tono ko wani ya riga su. In ba a riga su ba, a ba su takarda, ba mai taɓa dabarar sai da izininsu.

Na ce, "Wato kai ne mai buga hatimi ga motar da za ta kore ni daga aiki."

Ya yi dariya ya ce motar da za ta iya hanyar Bukkuyum da damina ba a haifi mai ƙera ta ba. Shi wasa yake yi. Ni ban yi dariya ba.

Inna kuwa ba ta gane komai a cikin aikin ba, amma hakan bai hana ta ba da labarinsa ba. Duk macen da ta shigo gidan sai ta ji cewa autanta ne yake ba motocin Turawa izinin tafiya ba direba. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta yabona gaban mutane. In za ta yi zancena sai ta ce "wancan". Ni nake kai ta asibiti, ni nake gyara mata katanga in ruwa ya ci. Na san kunya ce irin ta iyayenmu. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

To, akwai wani abu da na yi da hannuna wanda nake ji da shi. Akwai wata hanya da take ratsa fadama zuwa ƙauyukan da muke ɗaukar 'yan kasuwa. Da rani ba matsala. Da damina ruwa yakan shafe ta gaba ɗaya, ka ga fili fari fat, ba ka san ina ne tudu ina ne laka ba. Mota nawa ta kafe a wurin, har da tawa. Wata shekara da rani na sayi fenti fari da ja, na bi hanyar da ƙafa ina duba inda ƙasa take da tauri. Na zaɓi giginyu biyu-biyu na shafa musu. Dabarar ita ce, in ka shigo ruwan, ka juya sitiyari har giginyar gaba mai farin fenti ta ɓoye ta bayanta. Muddin ɗaya kake gani, kana kan tudu. In ka fara ganin biyu, ka kauce daga tudun ke nan. Haka za ka yi ta tafiya har jajaye su bayyana, ka karya kwana ka bi su. Na kuma zagaya wa kowace zobe a gindi. In ruwa ya rufe zoben, ka koma gida, injinka ba zai sha ba.

Abin ya yi aiki. Direbobi suka bi, 'yan kabukabu suka bi, har masu amalanke. Amma da suka tashi sa wa hanyar suna sai suka ce "hanyar fenti". Fenti ne ya sami suna, ba ni ba.

A ƙarshen wata damina ƙanena ya zo ganin Inna. Da gangan na ce ya raka ni ɗaukar fasinja, na zaunar da shi gidan gaba, na bi da shi ta fadama ruwa yana dukan ƙasan mota. Ban ce masa komai ba. Shi da kansa ya lura ina kallon itatuwa ba ruwa ba.

"Yaya, mi kake dubawa?"

Na nuna masa. Ya leƙa ta taga, ya ce in ɗan kauce ya gani. Na kauce kaɗan, giginya ta rabu biyu, na dawo ta koma ɗaya. Sai ga shi yana murna kamar an ba shi kyauta. Ya fiddo waya yana ɗaukar hoto, yana jera mini tambayoyi: in giginya ɗaya ta faɗi fa, in fenti ya koɗe fa, in hazo ya rufe fa. Na amsa masa duka. Da muka hau tudu ya ce, "Ka san abin da motocin nan suke yi ke nan? Alama a waje, taswira a kai. Kai taswirarka tana cikin kanka."

Tun da aka haife shi ban taɓa jin daɗin maganarsa kamar ranar ba. A nan ne na ƙudura abin da na ƙudura. A garinmu wanda yake da ɗan'uwa a ofis ba ya bin layi. Mai ƙane a asibiti yana ganin likita da wuri, mai ƙane a sakatariya takardar filinsa ba ta kwana. Ni ma ga nawa ƙanen, ga ofishinsa, ga abin da na ƙirƙira. Ba kuɗin Turawa nake hange ba. So nake ya buɗe baki gaban mutane ya ce wannan abu sabo ne, kuma yayana ne ya fara shi. Daga bakinsa nake so, domin a garin nan abin da ya faɗa ya zauna.

Muna da majalisa a gindin wata tsamiya kusa da masallaci, inda muke zama bayan la'asar. Na riga na shaida musu cewa ƙanena zai yi wa dabarata rajista. Ranar da na kawo shi, wurin ya cika, har waɗanda ba su saba zama ba sun zo ganin mutumin Turai. Aka ba shi tabarma mai kyau. Akwai wani tsohon hedimasta a cikinmu, mai baki kamar reza, da wani dattijo masunci da ya daina shiga ruwa saboda ciwon gwiwa.

Na bari aka gama gaishe-gaishe, sannan na ce, "To, ga shi ga ku. Ka gaya masu abin da ka gani a hwadama, da yadda za a yi takardar."

Hedimasta ya ce, "Direba, in anka ba ka takardar ga, mu ma sai mun nemi izninka kahin mu kalli giginya?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, domin a lokacin ina ganin ni ne a sama.

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, mu yi maganar ga a gida."

"Nan za a yi ta. Waɗanga duk iyayenka ne da yayyenka."

Ya ce ofishinsu ba ya yi wa ƙasarmu rajista. Ya ce ko da yana yi, doka ba ta bari mutum ya duba abin ɗan'uwansa ba. Ya ce shi ba ya shigar da ƙirƙirar kowa, dubawa kawai yake yi. Duk hanyoyi yake buɗe mini in fita da mutuncina, yanzu na gane. A lokacin gani nake yi rowa ce irin ta 'yan boko.

Na ce, "Bar zancen ohis. Kai ne mai dubawa, ka kuma duba da idonka. Sabo ne ko ba sabo ba?"

Ya ɗago ya kalle ni.

"An riga ka, Yaya."

Ya ce masu jiragen ruwa da haka suke shiga tasha tun kafin a haifi kakanninmu. Ana kafa musu turaku biyu a bakin teku, in ɗaya ya rufe ɗaya sun san suna kan ruwa mai zurfi. Ya ce zoben gindin ma akwai irinsa a jikin gadoji. Yana faɗa a hankali, kamar mai ba da haƙuri, amma kalma ɗaya bai rage ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce zancen teku ne, wa ya taɓa ganin teku a cikinmu. Sai dattijon nan masunci ya gyara zama ya ce, "Awo, ai mu ma haka muke gane inda munka kahwa gorar kamun kihi cikin gulbi. Ka daidaita rimi da tsamiyar tsallake, in sun haɗe ka sa hannu, ga gorarka. Ubanku ma ya san wanga, mun sha shiga jirgi da shi."

Hedimasta ya ce, "Ashe gado ne. To direba, sai a raba da ƙanenka."

Wannan dariyar ba irin ta farko ba ce. Ƙanena ya ɗaga murya yana cewa amma abin yana aiki, ya hana motoci kafewa, kuma ba wanda ya yi tunanin yin sa a fadamar sai ni. Na ji shi. Amma mutane sun riga sun sami abin da za su kai gida, ba wanda ya tsaya sauraren ragowar.

Kafin magariba labari ya riga mu isa gida. Na shiga na tarar da Inna tana ba wata maƙwabciya labarin, ba ta san ina zaure ba. Cewa take yi, "Autana ba ya son zuciya. Ko wancan bai ɗaga wa ƙahwa ba." Da alfahari take faɗa. Abin da aka yi mini ya zama wani sabon abin yabonsa. Na juya na fita ban ci tuwon ba.

Ranar da zai koma ni na kai shi tasha ya hau motar Sakkwato, don in na ƙi za a ce na yi fushi. Muna zaune cikin bas ɗina ana jiran tasu ta cika, ya ce, "Da na ce sabo ne, ranar da ka gane ƙarya na yi ba za ka yahe mani ba."

"Wa za ya gaya mani? Giginya?"

Ya ce manyan injiniyoyi masu digiri bisa digiri suna kawo masa aikin shekaru, ya ba su amsar nan, ba wanda ya mutu. Ya ce a wurinsu a riga ka ba abin kunya ba ne, alama ce ka bi hanyar da masu hankali suka bi.

Na ce, "Su a takarda kake gaya masu, cikin ɗaki. Ni gaban hedimasta ka gaya mani."

"Kai ka zaɓi wurin, Yaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona ni. Mutum ya sami karatun, ya sami ofishin, ya sami bakin Inna, sannan kuma a ce ko gardama aka yi shi ne mai gaskiya. Abu ɗaya ban ga an bar mini ba. Ya miƙo hannu na ba shi, ya hau mota.

Majalisa na daina zuwa, domin in na doso sai wani ya ce a matsa wa "an riga ka" ya zauna. Yanzu a tasha nake zama, cikin direbobi, inda ba a damu da wa ya fara komai ba, wa ya cika mota ake tambaya.

Kwanakin baya ƙanena ya kira ni. Bayan ya tambayi jikin Inna da iyali, ya ce ya wanke hoton giginyun nan ya rataye a ofishinsa, kuma duk abokin aikin da ya shigo sai ya tsaya ya tambaya.

Na ce, "Ka gaya masu wa ya yi?"

"Na ce yayana ne, direba a garinmu."

Na ɗan ji sanyi, ba zan ɓoye ba. Da na bar shi haka. Amma sai na ce, "Ka gaya masu an riga ni?"

Ya amsa a hankali.

"Sun sani, Yaya. Aikinsu ne."

Na kashe wayar.