Hantsin Baba

A gidanmu na Gonin Gora, duk wanda ya tashi daga ciwo sai Mama ta fitar da shi hantsi. Haka ta yi mana tun muna jarirai in shawara ta kama mu. A wurinta, rana ce ke tsotse ragowar ciwo.

Sai ga Baba ya dawo daga wani asibiti a ƙasar waje, inda yayanmu ya kai shi saboda kansar maƙogwaro. Iyakar abin da na fahimta, an zuba masa magani ta jijiya, ya je ya taru a cikin ƙarin da ke maƙogwaron, bai yi komai ba tukuna. Daga baya aka zura wani siririn haske ta bakinsa, hasken ya tayar da maganin, ya zama guba a daidai wurin. Amma akwai saura a fatarsa, kuma shi maganin bai san bambancin hasken likita da na Allah ba. An ce rana tana taɓa shi zai ƙone, har sai maganin ya bar jikinsa.

Ni ce na karanta kimiyya a jami'a, ni aka bar wa bayani. To amma ban iya faɗin abu kai tsaye ba. Na ce wa Mama wataƙila gara ya zauna a ɗaki, ina jin zai fi, ko da yake jiki ya bambanta. Baba, da 'yar muryar da ta rage masa, ya laƙaba mini Madam Wataƙila.

Muka rufe tagogi da barguna. Maƙwabta suka fara gaishe mu a hankali, irin gaisuwar gidan da ake jiran labari.

Wata Asabar na dawo daga sayen ƙosai a bakin titi, na tarar an kai kujerarsa tsakar gida. Mama da wata ƙawarta ta zumuntar mata sun riƙo shi, daga shi sai singileti, suna nufo ƙofa. Bai hana su ba. Ina jin shi ma ya yi kewar kujerar.

Na tsaya a bakin ƙofar da ledata.

"Mama, ba zai fita ba."

"Ke, hantsi ne fa."

"Zai ƙone."

Ta daɗe tana kallona, tana jiran sauran maganar da na saba ƙarawa. Ban ƙara ba. Sai ta zauna a bakin gado, ta ce tuwonta ba ya iya haɗiyewa, maganin bature ba ta san kansa ba, yanzu kuma ranar ma an hana ta.

Na gaya mata likita ya ce hasken ɗaki mai taushi yana taimaka wa maganin ya fita, ba duhu ake so ba. Tun daga ranar ta karɓi aikin labule. Kowace safiya takan ɗage na tagar yamma, inda rana ba ta shigowa, ta zauna kusa da shi tana gyaran wake.

Da lokacin gwajin da likita ya ce a yi don a ga ko maganin ya fita ya yi, muka huda jakar takarda, ya sa hannu a ciki. Mama ce ta riƙe hannun ta miƙa shi waje, hantsi ya sauka a ɗan wurin da muka huda. Muka jira har washegari. Fatar ba ta yi ja ba, ba ta kumbura ba.

Baba ya dube ni. "Uwata, in fita?"

Na ce wataƙila kaɗan-kaɗan, kuma da hula. Mama ta riga ta ɗauko kujerar.