Aguwar Baba da Hanyar Shanu

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan bazarar, da rasuwar mahaifina Alhaji Haliru. Bayan addu'a, haƙƙin da ya bari a wuyanmu, mu 'ya'yansa, guda ne kuma ba mai wuya ba: mu ci gaba da kafa shingen aguwa a gefe biyu na hanyar shanun da ta ratsa gonarsa, kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka. Gidanmu bai sauke wannan haƙƙi ba. Na yi aikin adana takardu a ofishin gwamnati har na yi ritaya, don haka na san nauyin sanya sunan gidanka a jarida kan abin da ba yabo ba. Da kunya nake rubuta wannan shafi.

Gonar tana bayan gari, ta fara daga tudu ta gangara har bakin fadama. Baba bai yarda da noman abu ɗaya ba. Gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama, albasa a lambu, mangwaro da goba a gefen rijiya, tumaki a garke, amyar zuma a kan itatuwan gawo. Mutanen birni suna ɗauka bazara lokacin hutun manomi ne. A wurinsa ita ce tsakiyar aiki. A cikin zafin nan da ke hana mutum taka ƙasa ba takalmi ake cire albasa a jera ta a rudu, wato rumfar ajiyarta, a yashe rijiya, a sake jinkar rumbu, a kwashe taki da amalanke a baza, a share kara a ƙone. Idan gabas ta fara haɗa hadari sai a yi bizne, wato a rufe irin gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

Amma duk wannan yana biyo bayan aguwa ne. Daga gidanmu na Tudun Wada muke fita da asuba, mu sari rassanta, mu bar su su sha iska, sannan mu cike duk giɓin da ya buɗe a shingen. Ruwanta mai kama da nono in ya taɓa ido mutum ya wuni yana hawaye, kuma babu wanda muka taɓa ji ya ce yana son aikin. Baba yakan tsaya a kanmu yana cewa, "Ku kahwa ta yanzu tun ƙasa na da zahi. In damina ta iske ta ba ta kama ba, ruɓewa takai."

Tsakanin layin aguwar biyu akwai fili mai faɗin da garke zai wuce ba tare da ya taɓa shukar kowa ba, daga daji har mashaya. Ta nan shanun Ardo Manu, shugaban Fulanin da ke zaune arewa da gonar, suke bi. Da rani sukan kwana a gonar tudu su bar taki. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba.

"Ardo, shanunka sun hi ka sanin ya kamata. Su kullum sai sun aje min tukuici."

"Alhaji, kai da ka cin tuwo da kashin shanuna, har kana da bakin magana?"

Kowa a yankin ya ɗauka hanyar nan tsohon burtali ce tun zamanin kakanni. Mu kaɗai muka san ba haka ba ne. Filin na Baba ne, yana cikin takardar gonar. Shi ya yanke shi ya bar wa dabbobi bayan wata damina da aka kusa zubar da jini a kan ɓarnar shuka. Bai sanar a masallaci ba, bai kira shaidu ba. Sau ɗaya, ina sabon ma'aikaci, na ce masa ya kamata a rubuta shi wakafi a kai gaban alƙali. Ya dube ni ya ce, "Abdu, abin da na ba Allah shi zan kai a buga wa hatimi? Hanyar shanu ta. In an tambaye ka, haka za ka ce." Tsoronsa kada sadaka ta zama abin nunawa. Saboda haka aguwar ce kaɗai shaidar da ya bari, kuma shi ya sa yake sabunta ta duk shekara.

Da aka zo rabon gado, masu awo suka bi takarda, hanyar ta faɗa cikin rabon babban yayanmu, Nasiru. Dattawa suka ce a bar ta yadda take, kowa ya amsa. Daga nan kowa ya koma aikinsa na birni. Bazara ta zo ta wuce ba a kafa reshe ko ɗaya ba, ta sake zuwa ta wuce. Wutar sharar gona ta ci wani sashe, wani ya bushe, giɓi ya haɗu da giɓi. Bara Yaya ya sayar da rabonsa ga wani mai yanka filaye. Mai sayen bai ga shinge ba, bai ga suna a takarda ba, ya auna daga iyaka zuwa iyaka. Yau katangar bulo ce ta tare hanyar.

Makon jiya Ardo Manu ya zo gidana a Arkilla cikin keke, da sandarsa, ya tsufa ƙwarai. Duk shekara yakan zo mu yi wa Baba addu'a. Bayan mun shafa ya ce, "Ɗan Alhaji, ba ƙara na kawo ba. Yanzu gonaki sarari na, muna ratsawa mu sha ruwa. Ran da gero ya tsiro, ba inda za mu bi sai bisa shukar mutane. Ni ba ni bari yarana su yi hwaɗa da maƙwabtan Alhaji. In ruwa ya sauka, tashi za mu yi."

Ya ƙara da cewa gwamnati ce dai ta sayar da burtalin kakanni, haka zamani ya zo. Har yau bai san na Baba ne ba, bai san ɗan Baba ne ya sayar ba.

Na je wurin Yaya washegari. Na yi masa magana da ladabin da ya kamaci ƙane, na tuna masa cewa da hannunsa ya kafa rabin aguwar nan. Ya ce, "Kai ne malamin takardu, Abdu. Kawo min inda Baba ya rubuta." Ba ni da ita, kuma ya san dalilin da ya sa ba ni da ita. Tsoron Allah na mahaifinmu shi aka mayar hujja a kansa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce in ya ga gonar yau. Ba na jin gidajen da ke matsowa za su dame shi. Yakan ce birni ma yana da ciki. Ina jin zai tsaya a bakin katangar ya tambaya ta ina shanu ke bi, kuma babu ɗayanmu da zai iya amsawa. Ina kuma sane zai ji haushina, domin na tona abin da ya ɓoye tsawon rayuwarsa. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe mini. Na auna, na ga sadakar da aka sani tana gudana ta fi wadda aka rufe aka gina ɗaki a kanta.

Rijiyarsa ta cike, amya ta faɗo, tumakin an raba. Da na zagaya bayan katangar na tarar da kututturen aguwa nan da can, a layi, sun yi toho. Mai neman iyakar hanyar zai same ta ba da wahala ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon uban ƙasar yankin da hukumar da ke kula da filaye su binciki wannan al'amari kafin saukar ruwan farko. A dakatar da ginin, a kira dattawan da suka halarci rabon gado, a bi layin kututturen a auna. Zan tsaya in yi rantsuwa cewa Alhaji Haliru ya bayar da wannan fili sadaka ga dabbobi, kuma na yarda a yanka wa mai sayen madadinsa daga rabona. Ina roƙon a rubuta hanyar wakafi, a kuma aika wa Ardo Manu kada ya tashi. Rassan aguwa na riga na sare, suna shan iska a ƙofar gidana. Izini kawai nake jira, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas.