Ragon Ulu da Hannun Damana

Assalamu alaikum. Tun kafin azumi ba ku ga rubutuna a nan ba, har wani ya kira matata yana tambaya a hankali ko an yi sadakar bakwai. Ban mutu ba, jama'a. Hannun da nake rubutu da shi ne ya tafi hutu.

Ina alwalar la'asar a gidana da ke Kambarawa buta ta suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Na kira Hajiya Binta, matata, sai na ji bakina yana wani yaren da ban sani ba. Ta ce in bar wasa. Da ta dubi fuskata ta ga ta karkace, mayafin da ta fita da shi ma a juye yake.

A asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka sa mini ƙarin ruwa. Hoton nan kaɗai ya tashi da fanshon wata. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma da mun tsaya jiƙe-jiƙe a gida da labarin ya bambanta.

Na ji tsoro ƙwarai. Amma abin da ya fi cin raina shi ne tuwo. Ni da na tsufa ina tsawata wa yara kan cin abinci da hagu, ga ni ana ba ni a baki da cokali. Masu dubiya su miƙo hannu, in bi su da ido. Na roƙi Allah ko ƙafar za ta ci gaba da ja, ya mayar mini da damana.

Bayan sallama aka haɗa ni da Madam Rahila, 'yar Kafanchan, mai koya wa irinmu motsa gaɓoɓi. Ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, na ce ni ba yaro ba ne. Ta ba ni wake in tsince, na ce ni ba kaza ba ce. Rannan ta ga Hajiya a benci tana saƙa 'yan dabbobin nan na ulu da take cusa wa auduga tana sayar wa masu bikin suna. Ta karɓi kwarashin, wato ƙugiyar saƙar, ta danƙa mini.

"Baba, wake ko wannan. Zaɓi ɗaya."

Na zaɓi kwarashi, bisa sharaɗin a rufe ƙofar zaure.

Hajiya ta zama malamata, kuma ta rama duk gyaran da na taɓa yi wa miyarta. Kwarashi ya faɗi, ta ɗauko. Zare ya harɗe, ta ce in warware da kaina. Gumi yana zuba, wata rana har na yi jifa da ulun na yi kuka. Ta bari na gama, ta miƙo mini shi.

Na yi makonni kafin na gama na farko. Rago na nufa. Hajiya ta ce ƙadangare ne da ya ƙoshi. Madam Rahila ta juya shi sama da ƙasa, ta tambaye ni ina ne gaban.

Ana haka Malam Liman na masallacinmu ya shigo dubiya ba zato, ya same ni da ulu ruwan hoda a cinya. Kunya ta sa na fake da tambaya. Na ce dama ina son in ji hukuncin yin surar dabba. Ya ɗauki abin, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, mi ne ne wanga?"

Na ce rago.

"To, kwantar da hankalinka. Wanga bai yi kama da komai ba cikin abin da Allah ya halitta. Ci gaba da saƙarka."

Hajiya tana bayan labule, dariyarta har waje. Ni kuwa fatawar nan ta yi mini daɗi, ta kuma yi mini ciwo.

Na ci gaba. Kowane mako gashin ƙashi a asibiti wajen Madam Rahila, kowace safiya magani, kowace yamma kwarashi. Na yi wani mai ƙafa biyar. Na yi wani da Hajiya ta cusa wa auduga ta mayar da shi matashin allura. A hankali cokali ya daina zubewa, na fara ɓalle maɓallin rigata da kaina.

Juma'ar da ta wuce Malam Liman ya dawo. Sabon da na gama yana kan tabarma. Ko tabarau bai sa ba ya ce, "A'a, Alhaji, wa ya kawo rago?"

Sai hawaye. Ya rikice, yana cewa ai na wasan yara ne, a ba jikoki, babu komai. Na ce ba hukuncin nake wa kuka ba. Na miƙa masa hannun dama, ya kama, na matse har ya ce in sassauta. A ranar nan, da hannun damana na ci tuwo, Hajiya tana zaune tana kallo, ba ta ce na ɓata riga ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da Madam Rahila, da duk wanda ya yi addu'a ko ya taimaka. Hajiya Binta kuwa, Allah kaɗai zai biya ta.

Shawarata: ku riƙa auna jininku ko kuna jin garau. Wanda aka ɗora wa magani kada ya bari don ya ji sauƙi. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti a lokacin. Kuma duk abin da masu gashin ƙashi suka ba ku, ku karɓa, ko wake ne.

Ƙadangaren yana nan a kan talabijin, ba na sayarwa ba ne.