Ƙaryar da na yi wa Inna a kan saƙon jikarta

Shekara huɗu da suka wuce ni manomin albasa ne a bakin dam ɗin Bakolori, mai takardar sakandare da cika baki. Yayana ya bi motocin albasa zuwa Abijan tun ina ƙarami, ya yi aure can, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Ya bar 'ya budurwa wadda ba ta jin ko zo in kashe ka da Hausa, sai Faransanci. Innarmu a Bakura ba ta da buri sai ta san abin da jikarta ke cewa a waya, ni kuwa na bugi ƙirji na ce wata uku sun ishe ni in iya Faransanci.

Na sa darasi a waya, ina ban ruwa ina maimaitawa da ƙarfi, ina ta kakari da maƙogwaro. Nan da nan zance ya zaga cewa aljanun dam sun shafe ni. Kawuna ya zo har gona da malamin ruƙiyya, aka danne ni ana tofa min addu'a, ina rantsuwa karatu nake yi. Daga ranar, ko shayi na je sha sai an tambaye ni ya jiki. Ga kunya, ga wata ukun sun cika ban wuce gaisuwa ba. Sai na goge darasin.

Ana nan sai yarinyar ta turo saƙon murya mai tsawo, tana magana tana shessheƙa. Inna ta kama hannuna ta tambaye ni me ta ce. Ban gane komai ba, amma girman kai ya sa na ce gaisuwa ce kawai. Inna ta yi ta sa albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙaryar nan ce ta mayar da ni karatu, mai dariya ya yi ta yi. Don kunya ban iya kai wa kowa saƙon ba, sai na riƙa tsintar sa kalma-kalma har wata bakwai, ranar da ya buɗe min gaba ɗaya. Ashe tambaya take ko dangin babanta suna son ta, in ta ji shiru za ta gane, ba za ta ƙara damunmu ba. A tsakiyar gona na zauna na yi kuka. Na kira ta da gurgun Faransancina na ce muna son ta, sannan na je na faɗa wa Inna gaskiya. Da ƙaramar sallar bana yarinyar ta sauka a tashar Talata Mafara, ni na zauna tsakaninta da Inna ina fassara har muryata ta dushe.

'Yan'uwa masu koyon wani harshe, kada dariyar mutane ta sa ku ajiye, kuma abin da ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba. Ni taurin kaina ya sa marainiya ta yi wata bakwai tana zaton ba ta da kowa. Yanzu haka tana ɗakin Inna, ta ce ba inda za ta.