Sunan da Goggo Ta Ƙi Kira

Fim ɗina na farko a kan sallama ɗaya na gina shi: uwa tana rabuwa da ɗanta na fari, zai bi tirelar shanu zuwa Kurmi. Idan wannan fitowa ta lalace, fim ɗin ya lalace gaba ɗaya, don duk sauran labarin da ita ya jingina.

Wanda ya ɗora ni a hanya wani dattijo ne ɗan Maroko, marubucin fim kuma mai ba da umarni, da ya zo koyar da mu a wani bita a Kano. Ya ce da sharar gidan sinima ya fara a garinsu, ya koma mai kunna majigi, ya yi ta rubuta labarai ana watsar masa da su, sai da furfura ta fara leƙowa kafin aka miƙa masa kyamara. Da gurgun Larabcina na Islamiyya muke hira, inda ya ƙare sai hannu. Ya sa aka fassara masa rubutuna, ya ja jan layi a wurin da uwar ke bin mota da gudu tana ƙwala kiran sunan ɗanta. Ya ce nan ne zuciyar fim ɗin. Ya kuma ce kada in ɗauko 'yan wasa daga nesa, in nemi mutanen garinmu, haka shi ma ya fara. Na dawo Potiskum kaina a kumbure, ina jin babu wanda ya isa ya taɓa mini ko wasali.

A matsayin uwar na ɗauki goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta baro ruga ta zauna a unguwar Ngojin tana sayar da fura da nono. Ɗan kuma wani saurayi ne mai lodin shanu a kara, kasuwar dabbobi. Direban tirela, abokin babanmu, ya yarda ya biyo ta bakin layin Goggo da lodinsa kafin la'asar, amma ya ce ba zai daɗe ba, shanu ba sa jira.

Mota ta iso, shanu suna ta bugun katako. Na durƙusa na karanta wa Goggo abin da za ta yi.

"In kira sunan wa?" ta tambaya.

"Ɗanki, Goggo. Na cikin fim."

"Ba ka ce ɗan fari ne ba?"

"Ai wasa ne, Goggo."

"Wasa ko ba wasa ba, bakina ba ya iyawa. Ka taɓa ji uwarka ta kira sunan yayanku?"

Ban taɓa ji ba. Ni na huɗu ne a ɗakinmu, sunana kuwa har maƙwabta sun gaji da jin sa. Amma maimakon in sauko, sai zuciya ta ɗebe ni, halina ke nan. Na ce mata babban darakta daga Maroko ne ya ce a yi haka.

"Shi ya haifi yaron?" in ji Goggo.

Direba ya danna hon. Cikin fushi na ce, "To, yi duk abin da kika ga dama!" Na yi wa mai kyamara alama.

Ta zauna a bakin ƙofa, ta jawo ƙwarya tana wankewa. Saurayin ya zo ya durƙusa, ya ce, "Inna, zan tafi." Ba ta dube shi ba. Ta ce, "To." Ya tashi, mota ta tashi. Ƙwaryar ta daɗe da fita, amma ta ci gaba da cuɗa ta. Sai da ƙarar motar ta ɓace hannunta ya tsaya, ta ɗago kai ta dubi hanya, ta daɗe tana duba. Ni kuwa ina gefe ina huci, na gama yanke cewa ta kashe mini fim.

Da na haɗa shi na tura wa dattijon. Ya aiko da saƙon murya, rabi ihu rabi dariya. Yana tambaya a wace makaranta matar nan ta koyi wasa, ya ce jan layinsa kuskure ne, in ba shi izini ya nuna wa ɗalibansa. Na saurari saƙon nan har na haddace shi.

Muka nuna fim ɗin a wani gidan kallon ƙwallo a unguwar Dogo Tebo bayan azahar. Wuri ya cika, keke napep jere a waje. Da aka zo kan ƙwaryar, sai aka ɓarke da tafi, har aka tilasta mana mu maimaita. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Ana watsewa yayanmu, ɗan farin ɗakinmu, wanda ya yi rabin rayuwarsa a kan hanyar Kurmi, ya riƙe hannuna, idanunsa jawur.

"Ni duk tafiyar da nake yi, 'to' kawai nake ji," ya ce. "Ban taɓa ganin abin da ke biyo baya ba."

Ya tare keke napep, ya ce a kai shi wurin Innarmu.